Katin da Aka Kawo daga Bukkuyum

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni a aji huɗu na firamare na tsaya.

Da makarantar ƙauyenmu ta rufe, maigida ya kai katin memorin waya Bukkuyum ranar kasuwa, mai tura fina-finai ya zuba mana darussan intanet na 'yan aji ɗaya. Ni ce malama, ɗiyata Mansura mai shekara shida ce ɗaliba.

Malamin cikin wayar yana bayani, Mansura tana kallon kaji. Sai in yi ta maimaita darasi ina tsintar wake har in gane, sannan in koya mata. Ko ɗaya ba ta kama ba.

Da damina ta matso, maigida ya ce, "Yarinyar nan ba ta da kan boko. Sayar da wayar zan yi in sayi taki."

Ranar nan ƙanwarsa Habsu ta zo hutu daga Gummi. Ta duba wayar, ta duba bangon ɗaki da na cika da lissafi da gawayi.

"Yaya, wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni."

"Duk daidai ne. Amma ai karatun sakandare ne, shi muke yi bana. An musanya muku kati."

Maigida ya dube ni, ya ce taki ba ya gudu.

Washegari da safe na aiki mai kabu-kabu ya kawo wa Mansura nata. Ni kuma na ce a ƙaro mini aji na gaba.