Waƙar Sabulu a Bakin Iya Kande

Tun da aka kafa dokar soke duk tallan da ya wuce kwana bakwai a zuciyar mutum, masu bincike suke ta damun jama'a da tambayoyi. Dakta Saratu, gwanar gwaji, ba ta tambaya. Ta san mutanenta, "na manta" za su ce don a rabu lafiya. Sai ta miƙa wa Iya Kande, tsohuwar da ta zo gwaji, jariri mai kuka, ta koma gefe.

Iya ta rungume shi tana jijjigawa, sai ga waƙar tallan sabulu tiryan-tiryan.

"Iya, ina kika koyi wannan?"

"Haba 'yar nan, ai da ita uwata ta rene ni."

Saratu ta ajiye biro a hankali. Watan tallan uku da fitowa.