Amshin Waƙar Niƙa

Ba zan rantse da shekarar ba, amma ina jin ina aji uku na firamare a Fadan Kaje. Wata rana da la'asar wani malamin sakandare daga Kafanchan ya zo gidanmu, da rikoda rataye a kafaɗa. Yana bin ƙauyuka yana ɗaukar tsofaffin waƙoƙi, an kuma ce masa kakata kaɗai ta rage mai waƙar niƙa da yarenmu.

Kaka ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ta zuba dawa, ta fara. Ba ta yi nisa ba ta tsaya.

"Ɗana, kashe abinka. Waƙar nan sai da amshi, masu amsa mini kuwa duk sun mutu."

Mahaifiyata ta iya amshin, amma tun da ta shiga zumuntar mata a coci ta bar waƙoƙin gargajiya. Tana kicin, ta juya mana baya.

Malamin bai roƙe ta ba. Ya durƙusa kusa da Kaka da farar rigarsa, ya ce, "Mama, koya mini." Ya siranta murya kamar mace, yana ta kwaɓa yarenmu.

Kaka ta ce, "Kai, Ticha, ai akuyata ta fi ka!"

Ya sake, ya sake ɓatawa. Can sai wata murya daga kicin ta gyara masa, a hankali da farko, sannan da ƙarfi. Dutse ya ci gaba, waƙa ta kai ƙarshe.

Ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba. Amma yanzu da na girma, ina kyautata zaton da gangan bawan Allahn nan yake ɓatawa.