Wa Ya Ɗaga Jar Tuta?

"Wallahi kai ka ɗaga ta!" Baba Direba ya buga sandarsa a ƙasa.

Abokinsa, tsohon mai ba jirgin ƙasa hannu, ya ajiye kofin shayi. "Shekara arba'in ina rantse maka koriyar tuta na ɗaga, ka ƙi yarda."

"To ni makaho ne? Sau uku ina hango ja daga kwana ina jan birki, fasinjoji suna zagina. Har takardar gargaɗi aka ba ni, saura ƙiris a kore ni!"

"Ai ka ci riba. Ba a tsayuwar nan matarka ta fara kawo maka ruwa ba?"

"Wannan haɗin Allah ne, kar ka sauya zance."

Inna, matar tasa, ta ajiye tsintar waken da take yi ta shiga ɗaki. Ta fito da wani tsohon jan ɗankwali ta ɗora masa a cinya.

"Ga tutarka, Malam. Wata shida kana wucewa ta bayan gidanmu, ba ka iya komai sai busa mini usur. Da ban tsayar da jirgin ba, da har yau kana nan kana busa."