Fanaretin Tajay

Tajay ya buga fanaretin, ƙwallo ta wuce ta saman raga. Shi ke nan, an fitar da makarantarsu daga gasar makarantu.

A cikin 'yan kallo, mahaifinsa Everton Binns ya ji wani daɗi ya ratsa shi, kunya ta biyo baya. Shekara da shekaru yana busa usur a ƙananan filayen Jamaika. Sai bana aka ce shi zai yi alƙalancin wasan ƙarshe, muddin makarantar ɗansa ba ta kai can ba. Haka dokar take.

A mota ya kasa kallon yaron.

"Yi haƙuri. Kowa yana ɓarar da fanareti."

Tajay ya jingina kansa da gilashi.

"Ni ban taɓa ɓararwa ba, Baba. Ka dai shirya usur ɗinka."