Tseren Jibo na Ƙarshe

"Kada ka taka birki," in ji boka Maidawa, yana ɗaura wa direba Jibo laya. "Iskokin hanyar Tsibiri kan fito da fuskar wanda ka sani. Bi ta kansu kawai."

Ranar da direbobin kamiyo, manyan motocin dakon gujiya, ke rige-rigen isa sikelin Faransawa a Maraɗi, Jibo na kan gaba. Sai ga siffar innarsa a kan hanya, da ƙwarya a ka, tana ɗaga masa hannu. Ya yi murmushi, ya ƙara wuta.

Shi ya riga kowa. Ya garzaya gida don ya ba Inna labari.

Matarsa Tasalla ta tare shi a zaure: "Maigida, ba ku gamu ba? Ai Inna ta tafi bakin hanya kai maka fura."