Gilashin Direba

"Kaka, kin yi mantuwa," in ji alƙalin gasar ƙera ƙananan jiragen ƙasa, yana leƙa ɗan jirgin ƙasan da bai fi tsawon yatsa ba.

Wata shida ta yi a kansa. Sabon tarago ta sayo a birnin Osaka na Japan, ta datse shi, ta kankare fentin, ta mayar da shi irin wanda ke zuwa ƙauyensu kafin a rufe layin. Tsatsar ma da bakin allura ta ɗiga ta.

"Ko'ina dauɗa, gilashin direba kuwa fes. Kuskuren 'yan koyo ne. Ki shafa masa ƙura."

"Ba zan shafa ba."

"A shekarun nan kamfanin ya daina wanke jiragen layin. Yana cikin littafi."

"Na sani, ɗan nan. Ni ce mai wankin da suka sallama." Ta gyara tabarau. "Shekara huɗu kullum ina tsallaka shingen tasha da bokitina in wanke gilashin direba. Littafin naka bai faɗa maka ba?"

Ya sake sunkuyawa. A jikin shingen 'yar tashar da ta ƙera wa jirgin, ga wata 'yar mitsitsiyar mace riƙe da tsumma, ƙafarta ɗaya ta riga ta haye.