Hancin Sojan Dandali

Tsanin ne ya zame. Birkila ya rungumi wuyan sojan bai faɗo ba, amma hancin sojan ya faɗo, ya daki dakali, ya zama gari.

Fenti kawai aka ce ya yi wa mutum-mutumin simintin da ke tsakiyar dandali, wanda aka kafa don tunawa da 'yan garin da suka tafi yaƙi. Saura kwana biyar a zo ajiye furanni, ga soja tsaye da bindiga a kafaɗar hagu da rami a tsakiyar fuska. Birkila ya yafa masa buhu a kai, ya sauko yana salati.

Gyaran hanci ba wani abu ba ne ga mutumin da ya shekara ashirin yana kwaɓa siminti. Matsalar ita ce hancin wa. Shekara da shekaru gida biyu ke jayayya a kan sojan nan. Hedimasta, surukin Birkila, ya rantse mahaifinsa aka kalla aka ƙera shi. Mai Kemis, shugaban kwamitin da ke raba ayyukan gini a garin, ya ce ƙanen babansa ne. Allon tagullar da ke ƙasa bai raba gardama ba, don sunaye sittin ne a kai, ba a ce ga wanda ke tsaye ba. Hotunan da aka samu kuma duk daga nesa aka ɗauke su, rabin fuskar a inuwar hular kwano.

Da hantsi Hedimasta ya iso, ya tsaya a kaikaice don a ga hancin gidansu, dogo mai lanƙwasa kamar lauje. Ya ce, "Ka duba da kyau, yaro. 'Yata da jikokina suna gaishe ka."

Bai ɓace da gani ba Mai Kemis ya faka mota, ya nuna nasa hancin, faffaɗa, zaune daram. Ya ce, "Akwai ginin sababbin ajujuwa wata mai zuwa. Ina son mai ido."

Gaba kura, baya sayaki. In ya lanƙwasa, ya rasa aiki a garin. In ya faɗaɗa, ya san tukunyar gidansa za ta koma gidan suruki da mai ita.

Kwana uku yana hawa yana sauka. Bai taɓa yi wa sojan kallon kusa irin wannan ba. Takalman sun yi masa yawa, hannuwan ƙanana, mutane dai sun ce maƙerin da ya yi shi baƙo ne kuma bai iya hannu ba. Ga 'yar hudar nan a kunnen dama da ake nuna wa 'yan makaranta, wai nan harsashi ya shiga. Da ya kankare tsohon fenti sai ya ga wata a kunnen hagu. Ya ce lallai nan ya fita, ya jinjina wa saitin abokan gaba.

Ya gwada hancin lauje, soja ya koma kamar mai shirin tsawata wa ɗalibi. Ya gwada faffaɗan, ya rufe rabin kumatu. Ya haɗa biyun, ya samu abin da ko akuya ba za ta karɓa ba.

Rana ta huɗu Kaka ta kawo masa abinci da kanta. Kakarsa ce ta wajen uwa, ta doshi casa'in, ba ta da ciwo sai na kafaɗar hagu da ta ce tun zamanin yaƙi take fama da shi. Ba ta son bi ta dandali, takan ce wurin akwai 'yan kallo. Ta ɗaga kai ta dubi aikinsa, ta ja tsaki.

"Mijina, wannan kuma mugunta ce ko rashin iyawa?"

"Kaka, ki bar ni da abin da ya ishe ni."

Ta zauna a dakali tana murza kafaɗa, ba jimawa gyangyaɗi ya ɗauke ta, haɓa a sama. Birkila ya dube ta daga kan tsani. Ga hanci nan ba na suruki ba, ba na shugaba ba, kuma mai shi ba za ta kai ƙara ba. Tunda dole a yi ɓatacciya, gara a yi da kowa. Ya kwaɓa siminti, yana satar kallo yana murzawa da yatsa. Da ya ɗora, hancin ya hau karayar ya zauna kamar murfi a kan tukunyarsa. Abin ya ba shi tsoro.

Ranar taro aka busa bigila, aka yaye ƙyalle. Birkila ya laɓe bayan masu ganga, ya riga ya zaɓi lungun da zai bi. Jama'a suka ƙura wa sojan ido. Can wani tsoho mai sanda ya ce shi dai bai ga inda aka gyara ba.

Hedimasta ya share hawaye, ya ce Baba ke nan sak da ƙuruciya, kafin hancin ya nuna. Mai Kemis ya ce haka Baffa yake lokacin da yunwar bariki ta rame shi. Kowanne ya ja Birkila gefe ya matse masa hannu, ya ce ya gane saƙon.

A hanyar gida yana riƙe da Kaka, farin ciki ya sa ya kasa riƙe bakinsa. Ya faɗa mata satar da ya yi, ya nemi gafara. Ta ci gaba da takawa tana murza kafaɗa.

Ta ce, "Ai kai ka yi mutunci, barcina na yi. Shi wancan baƙon maƙerin, da ya zo ya tarar maza duk suna wajen yaƙi, kwana arba'in ya tsayar da ni cikin takalman babana da taɓarya a kafaɗa."